Amsa ga ɗalibar da ke son zama likitar bakwaini

Tambaya: Assalamu alaikum, Likita. Ni ɗaliba ce 'yar aji biyar a sakandaren kwana, gidanmu wani ƙauye ne a ƙasar Ringim. A hunturun bara yayata ta haifi bakwaini a gida. Aka yi masa wanka, aka naɗe shi, washegari aka ɗauke shi a mashin zuwa asibiti, bai kwana biyu ba ya koma. Tun daga ranar nake son zama likitar irin waɗannan jarirai. Wane karatu ake yi, shekara nawa ne, kuma me likitan bakwaini ya sani wanda saura ba su sani ba? Yayana ya ce ɓata lokaci zan yi, wai aikin na kwalba ne, mu kuwa ko wutar lantarki ba mu da ita.

Amsa: Wa alaikumus salam, 'yata. Allah ya sa mai ceto ne, ya ba yayarki haƙuri, ya mayar mata da rayayye mai albarka. Sai da na karanta saƙonki sau biyu kafin na iya fara rubutu, domin irin wannan tafiya ta mashin cikin sanyin asuba na san yadda take ƙarewa. Ni ce wadda ke tsaye a ƙofar ɗakin jarirai, a miƙo mini zani a duƙunƙune in buɗe.

Zan fara da maganar yayanki. Akwai gaskiya a bakinsa, amma ba duka ba. Kwalba tana da amfani, kuma akwai jariran da in babu ita da wuta tsayayya, rayuwarsu tana da wuya ƙwarai. Sai dai kwalba ba magani ba ce, akwatin ɗumi ce. Asalinta ma daga kiwon kaji aka samo ta: wajen 1880 wani likitan haihuwa a birnin Faris, Stéphane Tarnier, ya ga akwatin da ake ƙyanƙyasar ƙwai da shi, ya sa aka ƙera irinsa don jarirai. Har gobe aikinta ke nan, ta riƙe ɗumi da laima. Ba ta shayarwa, ba ta lura jariri ya yi fari fat ko leɓensa ya yi shuɗi, ba ta san ya ɗauke numfashi ba. Wannan duk aikin ido ne da hannu, kuma shi ne muke shafe shekaru muna koyo.

A wurinmu bakwaini ba ɗan wata bakwai kaɗai ba ne. Ciki cikakke mako 40 ne, duk wanda ya faɗo kafin mako 37 ya cika bakwaini ne. Hukumar Lafiya ta Duniya ta ƙiyasta cewa a 2020 an haifi irinsu miliyan 13.4, wato kusan ɗaya cikin kowace haihuwa goma. Abin da nake so yayanki ya ji shi ne, kusan kashi 85 cikin 100 na waɗannan jarirai sun kai mako 32 ko sun wuce kafin a haife su. Yawancin 'yan wannan rukuni ba manyan na'urori suke nema ba. Ɗumi suke nema, da nonon uwa, da tsabta, da wanda zai gane alamar haɗari tun da wuri ya san inda zai nufa. Da yawa kuma daga cikin waɗanda muke rasawa a ƙauyukanmu 'yan wannan rukuni ne.

Za ki ji tsofaffi na cewa ɗan wata bakwai ya fi ɗan wata takwas rayuwa. Ba haka ba ne. Kowane mako da jariri ya ƙara a ciki ribarsa ce, huhunsa na ƙara nuna, jikinsa na ƙara kitse. Malamanmu ma tun zamanin sahabbai sun yi lissafin mafi ƙarancin ciki: Suratul Ahƙaf ta ce ciki da yaye wata 30 ne, Suratul Baƙara ta ce shayarwa cikakkiya shekara biyu ce, aka cire 24 daga 30 ya rage wata shida. Daga nan zuwa sama kwana ɗaya ma ba abin rainawa ba ne.

To, me likitan bakwaini ya sani? Na farko, kuma wanda zan fi daɗewa a kansa, ya san sanyi yana kisa.

Kin san yadda randa ke sanyaya ruwa: tana tsatsafo da danshi, iska ta busar da shi, zafin ya tafi tare da shi. Haka jikin jariri yake in ya fito a jiƙe. Shi bakwaini fatarsa siririya ce har kina hango jijiyoyi, ba shi da kitsen da zai tare masa sanyi, kansa babba ne a kan jikinsa, kuma ba ya iya karkarwa ya ɗumama kansa kamar ni da ke. Zafin jikin da ake so tsakanin digiri 36.5 ne da 37.5. Da zarar ya sauka, jiki zai fara ƙona ɗan sukarin da yake da shi da iskar da yake shaƙa don ya yi ɗumi. Sukari ya ƙare, sai ya kasa kama nono. Bai sha ba, sai ya ƙara yin sanyi. Daga nan numfashi ya rikice. Duk wannan yana iya faruwa cikin dare ɗaya, a ɗakin da manya ke jin babu wani sanyin a zo a gani. Shi ya sa ake cewa kada a yi wa kowane jariri wanka sai ya yi aƙalla awa 24, bakwaini kuwa ya fi haka nesa. A goge shi ya bushe da tsumma mai tsabta, a yar da jiƙaƙƙen, a sa masa hula.

Kada ki ɗora wa kowa laifi a gidanku. Wankan da aka yi masa da ƙauna aka yi, abin da aka gada ke nan, babu wanda ya taɓa zaunar da su ya yi musu wannan bayani. Rashin mai bayanin shi ne giɓin da nake fata ki cike.

Akwai kuma kuskuren da ke ɗaya gefen. Na karɓi jarirai da ƙuna a baya da cinya saboda an jera musu robobin ruwan zafi, ko an kusantar da su kaskon garwashi, ga hayaƙi a ɗaki rufe. A bazara kuwa, ɗakin kwano da tsakar rana yana iya zafafa jariri har ya bushe. Abu ɗaya ne a gida ba ya wuce kima ba ya gazawa, shi ne ƙirjin mutum.

A 1978, a birnin Bogota na ƙasar Kolombiya, wani likitan yara mai suna Edgar Rey ya rasa yadda zai yi. Jarirai sun fi kwalabe yawa, ana haɗa biyu ko uku a ɗaya, suna shafa wa juna cuta. Sai ya fara ɗora su a ƙirjin iyayensu mata, fata na taɓa fata, a ɗaure da zani. Aka sa wa dabarar sunan kangaru, wata dabbar Ostareliya da ke renon ɗanta a aljihun cikinta. Mu da muka tashi da goyo ba mu buƙatar dogon bayani: goyo ne aka dawo da shi gaba. Jariri daga shi sai ƙyalle da hula da safa, a tsaye tsakanin nonuwa, kansa a juye gefe, wuyansa a ɗan miƙe don hanyar iska ta buɗe, ƙafafu a buɗe kamar na kwaɗo, sannan uwa ta sa riga a kai. An daɗe ana ɗauka sai jariri ya murmure a kwalba za a fara. Sai aka yi wani babban bincike a asibitoci biyar, a Ghana, Indiya, Malawi, Tanzaniya da namu na Ile-Ife, a kan jarirai sama da 3,200 masu nauyin kilo 1 zuwa ƙasa da 1.8. Sakamakon ya fito a 2021: waɗanda aka fara wa goyon ƙirji nan take, mutuwa ta ragu a cikinsu da kusan kashi ɗaya cikin huɗu. A watan Nuwamban 2022 Hukumar Lafiya ta Duniya ta mayar da shi shawararta ga duniya baki ɗaya, awa 8 zuwa 24 a kowace rana. Ki lura, a cikin asibiti aka yi wannan bincike, ana ba jariran sauran magunguna suna kan ƙirji. Goyon bai soke zuwa asibiti ba. Shi ne ma hanyar da ya kamata a kai jaririn can.

Ba na mantawa da wata safiya a watan Janairu. Jarirai biyu suka iso kusan lokaci guda, dukansu daga ƙauye. Na farko an shimfiɗa masa auduga a kwali, an rufe shi da tawul biyu masu kyau, an zo da shi a mota. Na taɓa tafin ƙafarsa da bayan hannuna na ji kamar na taɓa ƙarfe, ma'auni ya nuna digiri 33. Ta biyu kakarta ce ta shigo da ita, tsohuwa da mayafi ya yi buɗu-buɗu da ƙura, hannunta babu komai. Na ce, "Baba, ina jaririyar?" Sai ta ɗaga wuyan rigarta. Ga 'yar mitsitsiya nan manne a ƙirjinta, kilo 1.4, ɗaure da kallabi, tana barci, jikinta 36.7. Uwar tana zubar da jini an tsaya da ita a ɗakin haihuwa, tsohuwar ta ce wata ma'aikaciya ce ta taɓa nuna musu haka a wajen awo. Tafiyar sama da awa ɗaya suka yi a mashin. Na farkon mun yi iya ƙoƙarinmu, Allah bai yi zai rayu ba. Ta biyun mako huɗu muka sallame ta.

Na biyu, numfashi. A cikin huhu akwai 'yan jakunkunan iska da wani ruwa mai santsi ke hana su mannewa in an fitar da numfashi. Jiki ba ya yin wadataccen wannan ruwa sai wajen mako 34. In ya yi ƙaranci, kowane numfashi kamar hura sabuwar balan-balan ne daga farko. Za ki ga ƙirji yana lotsawa, hanci yana buɗewa, jariri yana wani ɗan nishi a ƙarshen kowane numfashi, kuma in kin ƙirga ya haura 60 a minti ɗaya. Wannan nishin, wanda mai jego za ta ɗauka ƙananan kuka ne, ni daga bakin ƙofa nake jiyo shi in sauya hanya. Muna taimaka musu da na'urar da ke tura iska a hankali ta hanci don huhun ya zauna a buɗe, wadda aka fara amfani da ita ga jarirai a Amurka a 1971. Mafi sauƙinta robar iska ce da ƙarshenta ke nutse cikin gorar ruwa yana ɓulɓula, zurfin ruwan shi ke saita ƙarfin iskar. Wani injiniya ɗan ƙasarmu, Farfesa Hippolite Amadi, ya ci kyautar kimiyya ta Nijeriya a 2023 saboda na'urorin numfashin jarirai da ya ƙera masu aiki da hasken rana, don haka matsalar wutar ma akwai masu yi mata aiki.

Wata matsalar kuma, ƙwaƙwalwar bakwaini takan manta ta ba da umarnin numfashi. Sai ya yi tsit, sakan 20 ko fiye. A shafa bayansa ko tafin ƙafarsa ya farga. Maganin da muke bayarwa sunansa kafeyin, sinadarin nan da ke cikin gahawa da goro, amma wanda aka tace aka auna daidai nauyin jariri. Iskar oksijin ita ma magani ce mai ma'auni. A shekarun 1940 zuwa farkon 1950, a Turai da Amurka, an riƙa cika kwalabe da ita ba adadi, dubban jarirai suka rayu amma suka makance. Yanzu muna maƙala wa ƙafar jariri ɗan ma'auni, mu riƙe iskar jininsa tsakanin kashi 90 da 95 cikin 100, kuma ƙananan cikinsu sai likitan ido ya duba su wajen mako huɗu da haihuwa. Kin ga bambancin mai na'ura da mai ilimin na'ura.

Ci kuwa, aikin haƙuri ne zalla. Jariri ba ya iya haɗa tsotso da haɗiya da numfashi sai wajen mako 34. Kafin nan uwa ke tatsa, mu ba shi ta siririyar roba da ke bi ta hanci ko baki zuwa ciki, in ya ɗan yi ƙwari a koma ƙaramin kofi. Ɗan kilo 1.2 mukan fara masa da mililita 1 ko 2 duk awa biyu ko uku, abin da bai cika rabin cokalin shayi ba, mu riƙa ƙarawa muna taɓa cikinsa muna duba ko ya kumbura. Dakashin nan mai kauri da wasu ke matsewa su zubar, wai nono ne marar kyau, a wurinmu ya fi kowace allura daraja, da sirinji muke bin ɗigonsa a kan nono don kada ko ɗaya ya salwanta. Hanjin bakwaini yana iya ruɓewa, kuma madarar gwangwani ko ta shanu tana ƙara wannan haɗari, nonon uwa yana rage shi. Ba ruwa, ba jiƙo, ba zuma. Rubutu da tofi, ina roƙon iyaye su yi addu'ar a kansa, uwa ta sha, shi a bar masa nono. Kullum da safe a ɗora shi a sikeli. In ɗan kilo ɗaya da rabi ya ƙara giram 20, kusan nauyin dunƙulen magi biyar, ranar ma'aikatan ɗakin da fara'a suke yini.

Ga wani lissafi da nake so ki riƙe. Duk jinin da ke jikin jariri mai kilo ɗaya mililita 90 zuwa 100 ne kawai, kamar kashi ɗaya cikin biyar na ledar fiyawata. To ki auna abin da cire beli ko tsaga zai yi masa, ko cibiyar da ba a ɗaure da kyau ba. Ban da jinin, ga ƙwayoyin cuta. Garkuwar da uwa ke ba ɗanta yawancinta a watanni ukun ƙarshe take ratsawa zuwa jikinsa, shi kuwa bakwaini ya fito bai karɓi rabonsa duka ba. Cuta a jikinsa ba lallai ta zo da zazzaɓi ba. Sai dai ki ga ya yi laƙwas, ya ƙi nono, ko ya yi sanyi. Cibiya a bar gasa ta da tsumma ko shafa mata man goge baki da toka, a sa mata maganin kulohezidin da ake bayarwa a asibiti. 'Yan barka kuma, duk da zumunci ne, kowa ya karɓa ya sumbata ya miƙa wa na gaba, wannan ba na bakwaini ba ne. A yi wa mai jego barka daga bakin ƙofa, duk mai taɓa shi ya wanke hannu da sabulu.

Cutar shawara ma tana kama su fiye da sauran jarirai, domin hantarsu ba ta gama ƙwari ba. In ta yi yawa takan haye ƙwaƙwalwa ta bar yaro da kurumta ko shanyewar jiki har abada. Maganinta shuɗiyar fitila ce ta musamman, in ta ƙi a yi musanyen jini. Shanya jariri a hantsi ba ya wadatarwa. A duba idonsa da dasashinsa a hasken rana kullum a makon farko, kuma a raba kayansa da kafur, domin yara da yawa a ƙasar nan, musamman maza, suna da wani rauni na gado a jini da kafur ke farfasa shi.

Wani abin da aikin ya koya mini shi ne rabin nasarata a hannun masu awo take. Zazzaɓin cizon sauro, hawan jinin masu ciki da ke kai wa ga jijjiga, ciwon sanyi, ƙarancin jini, tagwaye, haihuwar kunika, cikin yarinya ƙarama, duk suna jawo haihuwa kafin lokaci. Fansida da ake ba mai ciki a wajen awo da gidan sauro suna tare wani kaso. In kuma naƙuda ta taso ko faya ta fashe tsakanin mako 24 da 34, akwai allurar dezametazon guda huɗu, awa 12 tsakani, da ake yi wa uwa don huhun ɗan ya yi saurin nuna. Wani likita a Niyuzilan, Graham Liggins, a jikin tumaki ya fara gano haka, shi da abokin aikinsa suka tabbatar da shi a kan mata a 1972. Wani binciken da aka yi har da asibitocin Nijeriya ya nuna a 2020 cewa tana rage mutuwar jarirai a ƙasashe irin namu. Amma allurar asibiti ce, inda aka san kwanakin ciki aka kuma tabbatar babu cuta a mahaifa, ba ta kemis ba. Saboda haka in ciki bai isa ba aka ga ruwa ko jini ko ciwon mara, a tafi da uwar tun ɗan yana ciki. Babu motar da ta kai mahaifa iya ɗaukar bakwaini.

Yanzu ga hanyar karatun. Ki fito da kiredit a Turanci, Lissafi, Bayoloji, Kemistiri da Fizis a WAEC ko NECO, ki yi ƙoƙari ya zama a zama ɗaya. A JAMB za ki rubuta Turanci da waɗancan kimiyyoyi uku, kuma likitanci na cikin kwasa-kwasan da suka fi neman maki mai yawa. Digirin likitanci, wato MBBS, shekara shida ne. Kusa da ke akwai Jami'ar Bayero da Asibitin Koyarwa na Malam Aminu Kano, akwai Jami'ar Tarayya ta Dutse da asibitin Rasheed Shekoni, ga kuma Jami'ar Ahmadu Bello a Zariya. Bayan digiri sai shekara ɗaya ta aiki ƙarƙashin manya, wata uku-uku a sashen cututtukan manya, tiyata, mata da haihuwa, da yara, sannan hukumar likitoci ta ba ki cikakken lasisi. Sai hidimar ƙasa shekara ɗaya. Daga nan ki ci jarrabawar share fage ta ɗaya daga cikin kwalejojin ƙwarewa biyu, ta ƙasa da ke Ijanikin a Legas ko ta Afirka ta Yamma, ki shiga horon likitancin yara. Shi ma kamar shekara shida ne, da manyan jarrabawa biyu da binciken da za ki rubuta ki kare. A rabinsa na biyu ne za ki karkata ga jarirai sabbin haihuwa. In kin haɗa, shekara 14 ne in komai ya tafi daidai, kuma yajin aiki ko faɗuwa jarrabawa kan ƙara wani abu. Ba duka ne zaman aji ba, tun daga shekara ta bakwai kina aiki kina karɓar albashi.

Maganar aure za ta taso, gara in faɗa miki tun yanzu. Da yawanmu a cikin karatun muka yi aure muka haihu. Yana yiwuwa, amma sai an yi maganar a fili da wanda zai aure ki da iyayensa, a gaban magabatanki, cewa akwai kwanan asibiti kuma ba na wata ɗaya ba ne.

In kuma likitancin bai samu ba, kada ki ɗauka ƙofa ta rufe. Akwai kwalejin jinya da ungozoma a Birnin Kudu, akwai makarantar ungozoma a Dambatta, akwai ta kiwon lafiya a Jahun. Ni nakan zagaya ɗaki in rubuta abin da za a yi, amma nas ce ke tsaye a kan jaririn da ƙarfe ukun dare. Yawancin abin da hannuna ya iya, har da neman jijiyar da ba ta fi zaren ɗinki kauri ba a bayan hannun da bai fi babban yatsana ba, wata dattijuwar nas ce ta koya mini. Ita ce ta fara ce mini ido ba mudu ba ne amma ya san kima, ta hana ni duba takardar gwaji kafin in tsaya in kalli jaririn na minti guda cur. Kuma ba a birni kaɗai ake wannan aiki ba. A babban asibitin Jahun, nan cikin Jigawa, ƙungiyar likitoci ta MSF tana aiki da gwamnatin jiha a ɓangaren haihuwa tun 2008, akwai ɗakin jarirai, kuma matan karkara ne ke cika shi.

Akwai ɓangaren da ba a koyarwa a aji, shi ne magana da mutane. Za ki yi kwana biyar kina fama da jariri, ya fara dawowa, sai maigida ya zo ya ce a sallame su, jibi suna, ga rago an saya, ga gero a gona ba a girbe ba, ga kuɗin aljihunsa sun ƙare. Ba mugu ba ne, nauyi ne ya yi masa yawa. In kin ɗaga masa murya kin rasa jaririn. Sai ki ja shi gefe ki ce, "Malam, a raɗa suna a masallaci, a yanka ragon, a kawo wa mai jego nata nan, taron mata a ɗaga shi zuwa arba'in." Ki nuna masa takardar sikeli ya ga lambobin suna hawa da idonsa. Wani lokaci nakan sa shi ya buɗe rigarsa in ɗora masa ɗan a ƙirji, uwar ta samu ta yi wanka ta ci abinci. Na ga magidanta masu furfura sun yi shiru sun kasa motsi, suna jin wannan ɗan numfashi a jikinsu. Da wuya wanda ya yi haka ya sake tayar da maganar sallama.

Za ki kuma rasa jarirai, ba ɗaya ba, ba goma ba. Binciken lafiya na ƙasa na 2018 ya nuna cikin kowane jarirai 1,000 da aka haifa da rai a Nijeriya, 39 ba sa cika wata guda. Wasu za su tafi saboda sun yi ƙanƙanta ƙwarai, wasu saboda iskar oksijin ta ƙare cikin dare ko an iso a makare, kuma waɗannan na biyun sun fi ciwo. Har yau in na naɗe jariri na miƙa wa uba, sai na nemi wuri na zauna kaɗan kafin in shiga wurin na gaba. Da safe kuma mu zauna mu bi takardarsa layi-layi, mu ga inda za a gyara. Abin da ke riƙe ni shi ne ranar asibitin waɗanda aka sallama, in uwa ta turo mini yaro ɗan shekara huɗu yana ta ƙiriniya ta ce, "Likita, kin gane ɗan kwalbarki?"

Ba sai kin jira shekara 14 ba. In kin je hutun nan, ki nemi ungozomar garinku ki gaishe ta da ladabi, ki tambaye ta yadda take yi in an haifi ƙaramin jariri, ki saurara tukuna, sannan ki nuna mata ɗaurin ƙirji da 'yar tsana da zani. In kin iya saƙa, ki saƙa 'yan huluna ƙanana, waɗanda za su shige wa lemon zaƙi, ki bar mata. Ki nemi lambar direba ko mai mashin ɗin da za a iya tasa da dare, a rubuta ta a inda kowa zai gani. Sauran lokacinki ki ba Kemistiri da Fizis, don nan ne 'yan makarantun karkara suka fi samun cikas, ki nemi tsofaffin tambayoyin JAMB tun yanzu kina aji biyar.

Yayarki kuma ki gaishe min da ita. Ki gaya mata ta ba jikinta hutu kafin wani cikin, shekara biyu in da hali. In Allah ya kawo, ta fara awo tun watanni ukun farko, a yi mata hoton ciki da wuri don a san kwanakinsa, kuma ta faɗa musu da bakinta tun ranar farko cewa ta taɓa haihuwar bakwaini, domin wadda ta yi sau ɗaya ana sa mata ido na musamman. Wannan karon a asibiti za ta haihu, da hula biyu da zani mai tsabta a cikin jakarta tun ciki yana wata shida.